Musun kamfani kaɗai bai isa ba

Ya mai girma Edita,

Na karanta rahotonku kan kamfanin ayaba na Chiquita, wanda kotu a Amurka ta umarta a Yunin 2024 ya biya dala miliyan 38.3 ga iyalan mutanen da mayaƙan AUC, wata ƙungiyar 'yan bindiga, suka kashe a Kolombiya. Kamfanin ya ƙi amincewa da hukuncin, yana cewa tilasta masa aka yi ya biya mayaƙan don kare ma'aikatansa. To amma kuɗin da ya fita, bindiga ya saya.

Abin ya taɓa ni saboda abin da nake gani a unguwarmu. Da asuba mota ke zuwa ta kwashi samarinmu, a ce gadin fili ko ramin zinariya za su yi. Lokacin zaɓe kuma su ne a bayan 'yan siyasa. Wani yaron maƙwabcinmu ya dawo da saran adda a kafaɗa, kamfanin da ya ɗauke shi ya ce bai ma san shi ba.

Dokar Ghana ta 2019 ta haramta ƙungiyoyin 'yan banga, amma mai biyansu yana ɓoye. Ina roƙon Majalisa ta wajabta wa kowane kamfani bayyana waɗanda yake biya don tsaro, da adadin kuɗin, duk shekara.

Naku,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi