Maigidana yana ji, yana ganewa, maganar ce ta ƙi fita

Assalamu alaikum Hajiya. Allah ya ƙara basira, ya saka miki da alheri. Daga unguwar Zariya nake rubuto miki, a nan Maraɗi.

Wata bakwai ke nan da maigidana ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa ta aya, ana gab da azahar. Da ma yana da hawan jini, maganin ne ba kullum yake sha ba. Da aka ɗauki hoton kansa, likita ya ce jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, inda magana take, shi ya sa ɓarin dama ya shanye. Ƙafar ta fara dawowa, da sanda yake zuwa masallacin ƙofar gida. Saura baki.

Hajiya, mutumin da ke wuni yana ciniki da baƙi daga Katsina da Kano, yau in yana son ruwa sai ya ce "takalmi". Ya ji da kunnensa ba haka ba ne, ya runtse ido, ya kau da kai. Sunana ma ba ya fita. Amma in ya ta da salla, Fatiha na zubowa tsaf har ƙarshe. Likita ya ce haka ciwon yake, abin da baki ya daɗe da haddacewa ya fi sauƙin fita. Danginsa kuwa sun ce ai ga shaida nan, jifa ne, a kai shi ƙauye, a bar ƙwayoyin asibiti. Ni ban ƙi addu'a ba, rubutu ma yana sha. Amma maganin hawan jini ba zan daina ba shi ba.

Abin da ya fi ci min rai, masu zuwa dubiya ni suke tambaya, "Yana gane mutane kuwa?" alhali ga shi zaune. Wasu su ɗaga murya kamar kurma ne. Ƙanensa har ya nemi makullin sito, wai hankalin yaya ya gushe. Ranar Juma'a yaron rumfa ya kawo ciniki, ya ƙirga a gabansa. Alhaji ya dinga buga tabarma da hannun hagu, ya ƙi bari a ɗauke kuɗin, sai da aka sake ƙirgawa: jika biyu babu. Wannan ne marar hankali?

An ce mu nemi masu koyar da magana a Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, ga shi abin hannunmu ya ƙare. A gida ɗiyarmu ke nuna masa hotuna a salula bayan la'asar, yana ƙoƙarin kiran sunayensu. In kalma ta maƙale, in ƙarasa masa ne ko in jira? In na ƙarasa ransa ya ɓaci, in na yi shiru tausayi ya hana ni kallonsa.

Sannan da wane baki zan tunkari ƙanensa da yayyensa mata, su riƙa yi masa magana shi da kansa, ba tare da an ce na mallake musu ɗan'uwa ba?

Taki mai sauraro,
Uwar yara, Maraɗi