Masu sabon ɗinkin babbar riga, ku leƙo wajen masu allura

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan sabon yayin babbar riga. Ni mai ɗinkin hannu ne a birnin Zariya, kuma gadon sana'ar na yi.

Samarin teloli yanzu suna rage wa rigar faɗi, su gajarta hannu, wasu su ɗora aikin aska, wato adon allura na ƙirjin babbar riga, a kan kaftani, har mata na sa irinta zuwa biki. Dattawa na ta ƙorafi wai an ɓata rigar iyaye. Ni dai ban ga ɓarna ba. Kakanninmu saƙi da tsamiya da barage suka sa, 'ya'yansu suka koma shadda, kuma Getzner ɗin da ake taƙama da ita yau daga Ostiriya ake kawo ta. Babu wanda ya ce don haka riga ta zubar da girma.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Dubi manyan masu zanen tufafi na Afirka: marigayi Chris Seydou na Mali, wanda ya rasu a 1994, ya ɗauki bogolan, ƙyallen nan da ake yi wa ado da laka, ya kai shi har Faris. Alphadi na Nijar ya buɗe bikin nunin tufafin Afirka na FIMA a 1998 cikin hamada kusa da Agadas. Kenneth Ize kuwa da saƙar hannu ta Yarbawa, aso oke, ya kai zagayen ƙarshe na gasar LVMH ta matasan masu zanen tufafi na duniya a 2019. Duk wanda ya ɗaukaka a cikinsu, da aikin mutanen gida ya ɗaukaka.

Mu fa? Yaro zai ɗauki hoton aska takwas da waya, a zuba wa keken kwamfuta, kafin gobe riga ta fito. Ta hannu kuwa sai mai zane ya fara fitar da askar da tambari da alƙalami, sannan mai allura ya duƙufa wata da watanni, a kai wa masu bugu su fito da sheƙinta. Taɓa ƙirjin rigunan biyu ka ji: na keke a sanƙare yake, na hannu yana bin jiki. Yawancin aikin nan yau matan aure ke yinsa cikin gidaje a Zariya, kuma abin da dillali ke miƙa musu ban so in faɗa a jarida, don kunya. Marinar Ƙofar Mata ta Kano ma, da ake cewa tun 1498 take, ramuka da yawa sun bushe.

Ba na cewa a jefar da keke; mai ƙaramin ƙarfi ma yana son kwalliyar Sallah. Amma telan da ke shirin kai riga Legas ko Dakar ya zo ya ba mu aiki kai tsaye, ya sayi turkuɗi a Kura, ya rubuta sunan wadda ta ɗinka a wuyan rigar kusa da nasa. Kai kuma Edita, ka turo wakilinka cikin ganuwa ya ga matan nan da idonsa.

Naka,
Wani mai ɗinkin hannu, Zariya