Ga matasanmu na Jidda da Makka masu son shiga fim

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi magana da 'ya'yanmu Hausawan Jidda da Makka, waɗanda fim ya shiga ransu tun da aka sake buɗe gidajen sinima a Saudiyya a 2018, bayan fiye da shekara 30 suna rufe. Ni ma shekara biyar ke nan ina samun na cefane a harkar, yawanci a matsayin kumbaras, wato mu da ake zubawa a bayan jarumi mu cika kasuwa ko wurin biki.

Ɗan ƙanwata ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wani ya turo masa saƙo ta WhatsApp, wai ana neman 'yan wasa a musalsal ɗin azumi, wato fim mai dogon zango da ake nunawa a watan azumi, ya biya riyal 500 a sa sunansa. Yaron ya karɓi kuɗin da uwarsa ke tarawa daga sayar da waina, ya tura. Washegari lambar a kashe. Har yau abin yana min ciwo. Yara, ba a sayen gwajin da ake yi wa masu neman shiga fim. Duk inda na taɓa zuwa, ko ruwan sha su suke ba mu.

Yanzu sau da yawa bidiyo za a ce ka ɗauka da wayarka. Ka tsaya gaban bango mara ado, hasken taga a fuskarka, a kwantar da wayar, a kashe na'urar sanyaya ɗaki domin ƙararta tana cinye murya. Ka haddace takardar maganganun da aka ba ka, amma hadda kaɗai ba ta isa ba. Na ga wani saurayi a ɗakin gwaji, ya riƙe nasa tsaf kamar karatun allo, sai dai ba ya sauraron abokin wasansa. Jira kawai yake a yi shiru ya zubo, idonsa a kan kyamara. Ko minti ɗaya bai cika ba darakta ya ce masa shukran.

Kada ka ɓoye Hausarka. Ka rubuta ta kusa da Larabcin Hijaz da ka tashi da shi. Ni sau biyu ita ta sa aka kira ni. In kuwa rawar ta ɗan Riyad ce kuma bakinka bai iya Larabcin Najadu ba, ka faɗi gaskiya tun farko.

Sai batun igama, wato takardar izinin zama. In takardunka ba su ba ka damar aikin ba, ka haƙura har su daidaita. Kuɗin yini kuma a rubuta shi kafin ka sa kayan wasa.

Bikin fina-finai na Bahar Maliya, wanda aka fara a unguwar Balad a 2021, yana zuwa ƙarshen kowace shekara a nan Jidda. Bana in Allah ya kai mu, da ɗan ƙanwata zan je, ya zauna ya ga yadda manya ke sauraron juna a gaban kyamara.

Naka,
Mai karatu daga unguwar Sabil, Jidda