Yini guda a siririn jirgin ruwa na Ingila

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in musanta wata magana da na sha ji, wai a Ingila kowa gudu yake yi, ba mai tsayawa ya ce maka sannu. Ni ma haka na ɗauka, sai da ɗana mai karatu a Lesta ya ja ni muka hau jirgin haya a kan hanyoyin ruwan da kakanninsu suka haƙa da hannu.

Mun tashi daga Market Harborough da hantsi. Jirgin kansa abin kallo ne. Tsawonsa ya haura ƙafa 50, faɗinsa kuwa ƙafa 6 ne da inci 10, in ka buɗe hannuwanka sai ka kusa taɓa bangon nan biyu. Duk da haka akwai gado da murhu da bayi. Ba don ado aka sirance shi ba. Ƙofofin ruwan da zai ratsa ƙafa 7 ne faɗinsu, ma'aunin da James Brindley ya kafa, wato injiniyan da ya yi suna da mashigin Bridgewater, wanda aka buɗe a 1761 don kai kwal Manchesta.

Doka ta hana wuce mil 4 a awa. Wata tsohuwa da karenta sun wuce mu a ƙafa, har ta juyo ta ɗaga mana hannu. Jirgin ba shi da birki, sai dai ka sa giyar baya ka yi ta addu'a. Sandar tuƙin kuma 'yar gardama ce: ka tura ta hagu, goshin jirgi ya yi dama. Sau biyu ina kai wa gaɓa karo kafin hannuna ya faɗa. Na kuma yi abin kunya, na wuce wani jirgi da ke ɗaure ban rage wuta ba. Igiyar ruwa ta girgiza shi, matar da ke ciki ta leƙo riƙe da kofin shayin da ya zube, ta yi min kallon da ba ya bukatar tafinta.

Inda zance yake shi ne Foxton. Tudu ne mai tsayin ƙafa 75, kuma sai jirgi ya hau shi. Tun 1814 aka gina masa ɗakunan ruwa goma, biyar a ƙasa biyar a sama, kamar matakala, ƙofar fita daga wannan ita ce ta shiga wancan. Ka shiga, a rufe bayanka, a saki ruwa. Kana tsaye a rami mai gansakuka da sanyi, bango na ɗiga, sai ka ga jirgi na tashi a hankali har kanka ya fito fili. A gefen kowane ɗaki akwai tafki, daga nan ake ɗibar ruwa, can kuma ake mayar da shi. Makullan ruwan iri biyu ne, ja da fari, kuma ja ake fara buɗewa. Wani dattijo mai kula da wurin ya maimaita min wannan har sau uku, ya damƙa min lanƙwasasshen ƙarfen da ake murzawa da shi, ya tsaya a kaina kamar malamin allo. Da na tambaye shi albashinsa sai ya yi dariya, ashe aikin sa-kai yake yi. Hukumar Canal & River Trust, wadda tun 2012 take riƙe da hanyoyin ruwa kimanin mil 2,000 a Ingila da Wales, ta dogara ƙwarai da irinsu.

Hawan ya ci mana minti 45, ban da zaman jiran layi. A 1900 an taɓa gina injin ɗaga jirage a gefen tudun don gudun wannan jira, amma a 1911 aka rufe shi, kaya sun koma jirgin ƙasa. Kufansa na nan, tsohuwar matakalar kuwa tana aiki.

Bayan la'asar muka shiga ramin Husbands Bosworth, sama da kilomita ɗaya a ƙarƙashin tudu, duhu ƙirin, ruwa na ɗigo min a wuya. Babu hanyar doki a ciki. A da, sai a zagaya da dokin da ke jan jirgi ta bisa, maza su kwanta rigingine suna taka bango da ƙafa har jirgi ya fita. Ni da inji ma sai da gwiwata ta yi sanyi.

Da muka zo ɗaurewa da magariba iska ta ƙi, ta yi ta tura gindin jirgin tsakiyar ruwa, ɗana na ja ni kuma ina ihu. Sai ga jirgi ya tsaya a bayanmu. Matar shayin nan ce. Ta sauko ba ta ce uffan ba, ta karɓi igiyar, ta yi mata ƙulli ɗaya a jikin turke, sannan ta tambaye ni ko na koyi rage wuta.

Naka,
Mai karatu, daga Lesta, Ingila