A koya wa yaranmu tarihin Ɗan Kasawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi kuka.

Kwanan baya na tambayi jikana, ɗan lakwal ne, wa ya kafa Maradi. Ya yi tsuru-tsuru. Amma Napoleon na Faransa, har shekarar mutuwarsa ya sani!

Ashe ba a gaya musu cewa bayan jihadi ya kori sarakunan Haɓe daga Birnin Katsina, Ɗan Kasawa ne ya sake kafa sarautar a bakin Gulbin Maradi ba? Shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maradi. Cikin sarakunan da suka biyo bayansa, ga Rauda, wanda ya faɗi a yaƙin Gawakuke a 1836 tare da Sarkin Gobir Ali, a hannun rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ga Ɗan Baskore, da ya hana Katsina barci da hare-hare.

Ban ce waliyyai ba ne, yaƙinsu ya cinye talakawa da yawa, wannan ma a faɗa wa yaran. Ina roƙon malaman tarihi su je wurin makaɗan fada da na'urar ɗaukar murya tun tsofaffin suna raye.

Naka,
Wani dattijo daga Maradi