Godiya ga garejin da ya gyara mana mota mai ɗaki a Garwa

Assalamu alaikum. Zuwa ga Maigida da yaransa, a garejinsu da ke unguwar Yelwa, Garwa, arewacin Kamaru.

Ni mai sayar da maganin dabbobi ne, kasuwa-kasuwa nake bi, daga Pitowa da Adumri har Bogo ta wajen Marwa. Sana'ar ce ta sa na sayo mota mai ɗaki daga Beljiyam, Fiat Ducato ta hannu, da gado da murhu da firji a cikinta. Jirgin ruwa ya sauke ta a Duwala, aka biya kuɗin duwan, wato kwastan, aka yi takardu, muka koro ta ta Ngawundare har gida. Sai dai mota ce da aka ƙera don ƙasar sanyi da kwalta mai santsi. A hanyar kasuwannin daji cikinta na gugar ƙasa, ƙura kuma na shiga ta ko'ina.

Maigida, kafin ka taɓa ko da kusa ɗaya, sai da ka zaunar da ni ka tambayi hanyoyin da nake bi da nauyin kayan da nake ɗauka. Daga nan ka ƙara ƙarfin sifirin na baya, ka ɗaga motar kaɗan, mai walda ya shimfiɗa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji da tankin ruwa. Na'urar ɗumama ɗaki kuka cire, don ba Garwa ake buƙatarta ba, aka mayar da gurbinta ma'ajiyar jarka da buta.

Firjin ne ya fi damuna, kuma a nan na ga gwanintarku. Wanda ya zo da motar irin mai aiki da gas ne, ba ya jure zafin Maris da Afrilu, lokacin da awon zafi ke wuce digiri 40. Allurar rigakafi kuwa tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, in ta ɗumama ta lalace, kuma makiyayi ne zai yi asarar shanunsa. Kuka sa mini firji mai kwamfuresa, faifan sola a rufi, da batir na biyu wanda bai haɗa hanya da na tayar da inji ba. Ban manta da ƙaramin yaronka ba, wanda ya bar ma'aunin zafi a cikin firjin, motar na tsaye a rana, yana leƙawa yana rubuta lamba a bayan kwalin sabulu har la'asar. Sai da lambobin suka gamsar da kai ka ba ni makulli.

Na nemi a sa babbar na'urar sanyaya ɗaki, ka ce batir ba zai ɗauka ba, kuɗina kawai zan zubar. Da wani ne, wallahi da ya karɓe kuɗin ya yi shiru. Fanka biyu da ragar sauro a tagogi ka sa mini, sun kuma wadatar. Ka gargaɗe ni kan gazuwal, wato man dizal, na bakin hanya, ka ƙara matatar mai, ka nuna mini yadda zan kakkaɓe matatar iska idan hunturu ya shigo. Tsofaffin kayan da aka cire kuma kuka ɗaure a buhu kuka miƙo mini, ba tare da na tambaya ba.

Allah ya saka da alheri, ya yi wa sana'a albarka, ya sa yaran nan su buɗe nasu garejin. Zan kawo ta a duba birki kafin damina, in Allah ya yarda.

Naku,
Mai maganin dabbobi, Garwa