Raunin jikin masu shanyewar ɓarin jiki ba duka daga ƙwaƙwalwa yake ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in faɗi wani abu da ya tsaya min a rai. Shekara 6 ke nan ina jinyar Babana tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma duk wanda ya zo dubiya maganar ɗaya ce, wai ai haka ciwon yake sai haƙuri. Ni ma haka na ɗauka har kusan shekara 3, sai ranar da nake sa masa wando na ga cinyarsa ta dama ta koma siririya, wandon yana ta lilo a ƙafar, alhali a farkon ciwon ba haka take ba. Nan na gane cewa akwai abin da ke ci gaba da cin jikin bayan ciwon kansa ya tsaya.

Tushen dai kowa ya sani, jini ne ke toshewa ko jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa, sai hanyar da saƙon motsi ke bi ta laka zuwa tsoka ta lalace. Yawancin jijiyoyin nan suna tsallakawa ɗaya ɓangaren a gindin ƙwaƙwalwa, shi ya sa Baba aka ce ɓarin hagu na ƙwaƙwalwarsa ne ya taɓu amma dama ce ta shanye. To amma likitar fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar atisaye, da ta duba shi daga baya ta yi min bayanin da har yau nake jin zafin ban ji shi da wuri ba. Tsokar da ba a aiki da ita ramewa take yi, kuma zaren tsoka masu saurin aiki, waɗanda ke tayar da mutum daga kujera ko su tare shi in ya yi tuntuɓe, su ne ke saurin zubewa, sannan kitse ya riƙa shiga tsakanin naman, ka ga ƙafa da kauri amma ba ƙarfi a ciki. A 2007 an wallafa wani bincike a Amurka inda aka kwantar da tsofaffi masu lafiya kwana 10 kacal a gado, suka rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafa. Masu lafiya fa ke nan, ina ga wanda ya shekara a kwance?

Abin da ya fi taɓa ni shi ne tausayinmu ma yana cikin masu laifi. Baba zai miƙa hannun dama ya ɗauki kofi, hannun na rawa, ruwa ya zube masa a riga, sai in yi sauri in karɓe in sa masa a hagu don kar ya ji kunya. Yau haka gobe haka, har ya daina gwadawa gaba ɗaya, hannun ya koma yana kwance a cinya kamar ba nasa ba. Wani masani ɗan Amurka, Edward Taub, ya daɗe da nuna cewa ƙwaƙwalwa tana koyon daina amfani da gaɓar da ta sha ba ta kunya, har ya fito da hanyar rufe hannu mai lafiya na wasu awanni don a tilasta wa ɗayan ya yi aiki.

Ga kuma sandarewa. Yatsu su dunƙule, gwiwar hannu ta lanƙwashe, in ka ja ka ji tauri sai ka zaci ƙarfi ne, wallahi ba ƙarfi ba ne, tsokar da ya kamata ta saki ce take ja tare da mai aikin, kuma in aka bar ta haka sai ta gajarce ta ƙage. Da can ana tsoron atisayen ƙara ƙarfi zai ƙara taurin, bincike bai nuna haka ba. Ɓarin da muke kira mai lafiya ma yana rauni saboda zama, ga tsufa, ga wahalar haɗiya da ke sa mutum ya rage ci, ga damuwar da ke kashe masa zuciya.

Gaskiya ne an fi samun sauƙi a wata 3 zuwa 6 na farko, amma ƙofar ba ta rufe bayan nan. Tun da muka koma atisaye kullum, satin da ya wuce Baba ya tashi daga kujera sau 5 a jere ban riƙe shi ba, yatsun dai har yanzu ba su buɗe sosai ba.

Malam Edita, ranar 29 ga Oktoba ce ranar wannan ciwo ta duniya, kuma ƙungiyar da ke kula da shi ta duniya ta ce mutum 1 cikin 4 da suka wuce shekara 25 zai gamu da shi a rayuwarsa. Roƙona ku nemo likitan fisiyo ya yi mana rubutu da hotuna, ya nuna wa masu jinya yadda ake miƙe yatsu da kafaɗa ba tare da an ji wa mutum ciwo ba, da lokacin da ya kamata mu janye hannunmu mu bar shi ya ɗauki kofinsa da kansa.

Taku,
Wata mai jinyar mahaifinta